Yadda Za a Auna Shawarar Aure Idan Gwajin Jini Ya Nuna Gadon Sikila

A watan Mayun 2024 gwamnan Kano, Abba Kabir Yusuf, ya sa hannu a kan dokar da ta wajabta wa masu niyyar aure yin gwajin lafiya kafin a ɗaura, kuma cikin abubuwan da ake dubawa har da jinotaif, wato nau'in jinin da mutum ya gada daga uwa da uba, tare da cuta mai karya garkuwar jiki da ciwon hanta. Doka tana iya tura saurayi da budurwa ɗakin gwaji, amma takardar da za su fito da ita haruffa biyu kawai ke kanta, kuma haruffan ba sa gaya wa kowa abin da ya dace ya aikata. Wannan jagora an yi ta ne domin wanda takardar ta zo hannunsa, ko hannun ɗansa ko 'yarsa, yana so ya yanke shawara da iliminsa da imaninsa ba tare da ya zalunci kowa ba.

Fara da tabbatar da abin da takardar ta ce

Mutane da yawa suna cuɗa rukunin jini da jinotaif. Rukunin jini shi ne A, B, AB ko O, kuma amfaninsa yana fitowa ne wajen ƙarin jini da kula da mai juna biyu. Jinotaif kuwa yana magana ne a kan himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar numfashi a cikin jajayen ƙwayoyin jini, kuma a nan ake samun AA, AS, SS, AC da SC. Mai AS lafiyarsa lau, yana ɗauke da gadon ne kawai. Mai SS shi ne mai amosanin jini, wato sikila, wanda ƙwayoyin jininsa kan lanƙwashe kamar lauje idan iska ta yi ƙaranci, su toshe ƙananan hanyoyin jini, su kuma mutu cikin kwana 10 zuwa 20 alhali na mai lafiya suna kai wa kwana 120. Harafin C ma kada a raina shi, domin mai AS da mai AC suna iya haifar mai SC, wanda shi ma ciwo ne ko da yake sau da yawa ya fi sauƙi, kuma wannan harafi ya fi yawa a arewacin Gana da Burkina Faso da yammacin Najeriya.

Tambayi ma'aikacin ɗakin gwaji wace hanya ya bi. Akwai gwaji mai araha da ke nuna kawai ko akwai S a jini, ba ya rarrabe AS da SS, kuma ba ya ganin C. Abin da ake bukata shi ne gwajin ilektiroforesis ko wanda ya fi shi inganci. Wanda aka yi wa ƙarin jini cikin wata uku da suka wuce ya dakata, domin jinin da aka ƙara masa yana iya ɓoye nasa. Shawarata kuma ita ce kada a gina aure ko a rushe shi a kan takarda guda: a maimaita gwajin a wani asibiti dabam, kuma su biyun su je tare, kowa ya ga an ɗebi jinin ɗan'uwansa, saboda kuskuren ɗakin gwaji yana faruwa, haka nan sayen takardar bogi ba baƙon abu ba ne a wurin wanda soyayya ta rufe wa ido.

Sai a yi lissafin daidai

Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi 25 cikin 100 na zuwa da SS, kashi 50 na zuwa da AS, kashi 25 na zuwa da AA. Kuskuren da ya fi yawo a bakin mutane shi ne cewa cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne zai samu, har wasu su ce ɗan fari ba ya samu, ko kuma idan an haifi ɗaya mai ciwon to an huta. Kowane ciki sabon lissafi ne, kamar a sa goro huɗu a ƙwarya, uku farare ɗaya ja, a rufe ido a ɗauki guda, sannan a mayar da shi kafin a sake ɗauka. Da wannan lissafi, ma'auratan da suka haifi 'ya'ya huɗu suna da kusan kashi 68 cikin 100 na samun aƙalla ɗaya mai SS, idan kuma suka haifi shida abin ya kai kusan kashi 82. A al'ummar da ake son haihuwa da yawa, waɗannan alƙaluma sun fi kashi 25 ɗin nuna gaskiyar abin da ke gaban iyali.

Akwai ɗaya gefen lissafin da ba a cika faɗa ba. Mai SS da ya auri AA ba zai haifi mai SS ba, duk 'ya'yansu AS za su kasance. Mai AS da ya auri AA shi ma ba zai haifi mai SS ba, amma kowane ɗa yana da rabin damar ɗaukar gadon. Ma'anar wannan ita ce hana AS auren AS yana rage yawan jarirai masu ciwon, amma gadon yana nan daram a cikin jama'a, yana wucewa daga zuriya zuwa zuriya. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da shi, kuma ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana ambata shi ne ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu ciwon a ƙasar duk shekara. Dalilin yawansa a yankinmu sananne ne tun 1954, lokacin da masanin kimiyya Anthony Allison ya nuna a gabashin Afirka cewa masu AS sun fi jure wa zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Gadon da ake gudu a yau shi ne ya raya kakannin miliyoyin mutane a ƙasar sauro, don haka mai AS ba shi da abin jin kunya, kuma duk mai alkawarin kawar da sikila gaba ɗaya ta hanyar dokar aure bai yi lissafi ba. Masu auren zumunci su ƙara kula, domin idan gadon yana cikin dangi, yiwuwar ya haɗu a wurin ɗan wa da 'yar ƙane ta fi ta bare.

Lokaci da sirri

Gwajin da aka yi ana saura mako biyu ɗaurin aure, an kai lefe, an raba katin gayyata, an biya sadaki, gwaji ne da ba shi da ikon canza komai sai da ɓarna mai yawa. A irin wannan lokaci ne ake samun ƙarya da matsin lamba da cewa a bar wa Allah, alhali abin da ake nufi shi ne a rufa wa iyaye asiri. Wanda ke son zaɓi na gaskiya ya san jinotaif ɗinsa tun kafin ya fara neman aure, iyaye kuma su gwada 'ya'yansu tun suna makaranta, ta yadda idan magana ta fara nisa za a tambaya kafin manya su shiga.

Tambayar wa ke da haƙƙin sani ta fi wuya. Sakamakon gwaji sirrin mai shi ne, amma gado ba na mutum ɗaya ba ne: idan kai AS ne, to aƙalla ɗaya daga cikin iyayenka yana ɗauke da shi, kuma 'yan'uwanka suna iya ɗauke da shi. Ma'aunin da nake ganin ya fi adalci shi ne mutum ya sani gwargwadon yadda abin zai shafi rayuwarsa. Wadda za ka aura tana da cikakken haƙƙi, domin ita za ta ɗauki cikin kuma ita za ta kwana asibiti, ɓoye mata yaudara ce. 'Yan'uwanka na jini ya kyautu ka ce musu su je su gwada. Waliyyai suna bukatar sanin cewa jinin bai dace ba, ba lallai sai an ce wane ne ke da wane harafi ba. 'Yan unguwa da ƙawayen amarya ba su da rabo a ciki. Idan aka fasa, su biyun su yi yarjejeniya a kan abin da za su faɗa, domin a al'adarmu yarinya ce ke kwasar tabon fasa aure, kuma da zarar an ce tana da sikila a jini, ba kowa zai tsaya ya tambayi bambancin AS da SS ba.

Akwai kuma wani abu da ma'aikatan lafiya suka sani amma ba a cika faɗa wa iyali ba. Gwajin jinotaif yana iya tayar da zargi a kan nasaba, misali idan uba ya ce shi AA ne sai ga ɗa SS. Kafin kowa ya buɗe baki, a sake gwada uban, domin tsohuwar takarda mai kuskure ta fi komai zama sanadi, kuma akwai wasu nau'o'in gadon jini, irin su talasimiya, da ke rikita karatun sakamako. Wannan gwaji ba a yi shi don tabbatar da uba ba, kuma kada a yi masa wannan amfani.

Tawakkali da tambayar wa ake karewa

Za a ce maka Allah ne ke ba da lafiya, kuma gaskiya ne. Amma malamai sun daɗe da warware cewa riƙo da sababi ba ya karo da yarda da ƙaddara. Lokacin da Sayyidina Umar yake kan hanyar Sham aka sanar da shi annoba ta ɓarke, sai ya juya da jama'arsa, kuma da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya amsa cewa suna gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Wanda ya fasa aure saboda gwaji bai raunana imaninsa ba. Abin da ya kamata a lura da shi kuma shi ne wanda ya ce ya dogara ga Allah ya yi auren, nauyin dogaron nasa ba a kansa kaɗai zai sauka ba, zai sauka a kan jaririn da ba a yi shawara da shi ba, wanda zai iya fara kumburin hannu da ƙafa tun yana wata shida.

A nan ne masana falsafa suka tsaya suka yi dogon nazari, kuma ya dace mai shawara ya san inda gardamar take. Derek Parfit, masanin falsafa ɗan Ingila, ya yi fice da wata tambaya mai kama da wannan: idan ma'auratan nan ba su yi aure ba, wannan yaro ba za a haife shi lafiyayye ba, ba za a haife shi ba ne sam, wasu yara ne dabam za a haifa a wasu gidaje. To ta yaya za a ce an cutar da shi da aka haife shi, alhali babu wata rayuwa da ta fi wannan da aka hana shi? Yawancin masu sikila, idan ka tambaye su, ba za su ce gara ba a haife su ba. Amsar da na fi gamsuwa da ita ita ce a daina ɗora hujjar a kan cewa rayuwar mai SS ba ta da daraja, a ɗora ta a kan alhakin iyaye. Mutumin da yake da hanyoyi biyu a gabansa, ya san ɗaya tana iya jawo wa 'ya'yansa azabar ciwon ƙashi da shanyewar ɓarin jiki tun ƙuruciya, yana da dalili mai ƙarfi na bin ɗayar, kuma wannan dalili bai bukaci ya raina wanda aka riga aka haifa ba. Bambancin yana da amfani a aikace, domin yadda ake wa'azin gwaji a rediyo da wuraren taro sau da yawa yana sa matashi mai SS ya ji ana cewa shi kuskure ne da ya kamata a kauce wa. Idan akwai mai sikila a gidanku, ka auna kalamanka da kunnensa.

Tarihi ya nuna inda sakaci da wannan ke kaiwa. A farkon shekarun 1970 wasu jihohin Amurka sun wajabta gwajin sikila a kan baƙaƙen fata ba tare da isasshen bayani ba, sai aka riƙa ɗaukar mai AS a matsayin marar lafiya, wasu suka fuskanci tsangwama wajen neman aiki da inshora, har makarantar horar da hafsoshin sojan sama ta ƙasar ta riƙa ƙin karɓar masu AS sai a 1981 ta daina. Saudiyya kuwa ta wajabta gwajin kafin aure tun 2004, amma ta bar wa ma'aurata zaɓin yin auren bayan an yi musu bayani. Ina ganin nan ne iyakar da ta dace da hukuma: ta tilasta a sani, ta tanadi mai ba da shawara, ta hana wariya, sannan ta bar yanke hukunci ga masu abin. Limami ko fasto ko waliyyi yana da damar ba da shawara mai ƙarfi, har ya ce bai goyi baya ba, amma tilasta rabuwa kan tura mutane zuwa takardun bogi ne ko ɗaurin aure a wani gari.

Abin da fasaha ta kawo, da iyakarsa

Ma'auratan da suka ƙi rabuwa za su ji labarin hanyoyi uku, kuma kowace tana da tata tambaya. Ta farko ita ce gwada ɗan tayi a ciki, ta hanyar ɗebo ɗan yanki daga mabiyiya tsakanin mako na 10 da na 14, ko ruwan mahaifa daga mako na 15. Kafin a yi wannan gwaji, a tambayi kai me za a yi da sakamakon. Dokar Najeriya ba ta yarda da zubar da ciki ba sai don ceton ran uwa. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmi ta duniya da ke Makka, ta yi fatawa a 1990 cewa ana iya zubarwa kafin kwana 120 idan kwamitin amintattun likitoci ya tabbatar da mummunar nakasa da ba ta da magani, amma mazhabar Malikiyya da yawancinmu muke bi ta fi tsanantawa tun farkon shigar ciki, kuma da wuya a ce sikila, wadda mutane ke rayuwa da ita har su yi karatu su yi aure su haihu, ta shiga wannan sharaɗi. Wanda ya san ba zai zubar ba, amfanin gwajin a wurinsa shiri ne kawai, kuma gwada jariri bayan haihuwa yana ba da wannan ba tare da haɗarin ɓari ba.

Ta biyu ita ce haɗa ƙwan mace da maniyyin mijinta a ɗakin gwaji, a duba ƙwayoyin halittar kowane, a dasa wanda ba SS ba. Ana yin wannan a wasu asibitocin kuɗi a Legas da Abuja, yana cin miliyoyin naira a kowane zagaye kuma ba kullum ake dacewa ba. Malaman Musulunci da yawa sun halatta shi muddin tsakanin miji da mata ne cikin igiyar aure, cocin Katolika kuwa ba ta yarda da shi ba. Tambayar da ma'aurata ya kamata su amsa tun da wuri ita ce makomar sauran ƙwayayen da ba a dasa ba, sannan ko za su iya yin haka a duk haihuwa.

Ta uku ita ce warkarwa. Dashen ɓargo yana warkar da sikila, kuma an fara yin sa a Najeriya a 2011 a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin, amma yana bukatar ɗan'uwa wanda jikinsu ya dace, yana da tsada, kuma yana iya kashewa ko hana haihuwa. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka sun amince da Casgevy, magani na farko da aka gina a kan fasahar CRISPR ta gyaran ƙwayoyin gado, wanda ke sa jiki ya koma yin irin himogulobin ɗin jarirai, kuma farashin da aka sa masa a Amurka a lokacin dala miliyan 2.2 ne. Wannan gyara a jikin majiyyaci yake tsayawa, 'ya'yansa za su gaji S kamar yadda aka saba. Gyaran da zai bi zuriya wani abu ne dabam, shi ne wanda wani masanin kimiyya mai suna He Jiankui ya yi wa wasu jarirai a ƙasar Sin a 2018, aka ɗaure shi shekara uku, kuma duk wanda ya yi maka tayin irinsa ka guje shi. Kada a ɗaura aure bisa fatan maganin da ko attajirai kaɗan ne za su iya saya, a ƙasar da yara masu sikila ke mutuwa saboda rashin maganin da bai kai kuɗin cefane ba.

Idan an yi auren, ko an riga an haihu

Ga waɗanda suka gano bayan shekaru da aure, ba na ganin saki ya zama amsa ta farko, domin akwai 'ya'ya da haƙƙoƙi da suka riga suka tabbata, kuma ɗora wa mace laifi jahilci ne tunda ɗa ba ya zama SS sai ya karɓi S daga uwa da kuma uba. Abin tattaunawa a tsakaninsu shi ne yawan haihuwar da za su ƙara, da sanin lissafin da aka yi a sama. Waɗanda kuma suka zaɓi yin auren da idonsu a buɗe, to su ɗauki nauyin zaɓinsu tun daga ranar suna. A gwada kowane jariri da wuri ba sai ya fara ciwo ba, idan kuma SS ne a yi masa rajista a asibitin da ke da sashen masu sikila. A fara ba shi penisilin na kariya tun yana 'yan watanni, a cika masa allurar rigakafi musamman ta ciwon huhu, ya kwana cikin gidan sauro, a kiyaye shi daga ƙishirwa da sanyin hunturu. Zazzaɓi a jikin irin wannan yaro lamarin gaggawa ne, ba a jira gari ya waye ko a tsaya kemis.

Daga shekara biyu zuwa goma sha shida a nemi a riƙa yi masa hoton jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa duk shekara, wanda ke nuna yaran da ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki kafin ta auku. Binciken da aka gudanar a asibitin koyarwa na Aminu Kano da wasu asibitocin Kano da Kaduna, tare da haɗin gwiwar Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, ya nuna cewa maganin haidiroksiyuriya yana rage wannan haɗari a wurin irin waɗannan yara, a inda ƙarin jini na wata-wata yake da wuyar samu. A tambayi likita ko yaron ya cancanci shan sa, kuma a kiyaye gwajin jinin da ake yi lokaci zuwa lokaci don daidaita adadin da zai sha.